Jar fatar gyaɗa da muke bakacewa muna zubarwa

Hajiya Ramatu, Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga masu ilimin cikinmu. Wani saƙon murya yana ta yawo tun makon jiya, wai jar fatar gyaɗa da muke murzawa mu bakace bayan suya tana da wani abu antioksidan, yana maganin suga da hawan jini har da daji. Ban kula ba, sai ga wani yaro ya zo wurin aikinmu yana so mu riƙa tara masa, zai saya olonka-olonka, wato da gwangwanin awo, ya niƙa ya ɗura a roba ya sayar. Tun ina yarinya nake sana'ar ƙuli-ƙuli, ban taɓa ganin an ba da ko sisi a kan wannan abu ba. Gaskiya ne, ko wata hanyar cin kuɗin mutane ce? In da cuta a ciki, ba na so ta fito daga hannuna.

Mma Adiza, Asawase:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Magani dai ban sani ba. Abin da na gani da idona, can gida Bawku tsohuwarmu in za ta yi markaɗen gyaɗar miya da za a ajiye, ba ta murje fatar duka, takan bar kamar rabi. Markaɗen ya fito da duhu-duhu, da ɗigon ja a ciki, amma yakan daɗe bai yi maƙaƙi ba. Namu fari tas da muke sayarwa yanzu, da zafi ya taso sai ka ji ya fara kama maƙogwaro.

Zainab Issah:
Ina gaishe ku iyayena. Kimiyyar abinci nake karantawa a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, kuma abin da Mma ta faɗa yana da tushe mai ƙarfi.

Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne. A cikin man nan, wajen kashi ɗaya cikin uku wani iri ne da ake kira linoleik, wanda ba ya jure iska. Oksijin da ke cikin iska yana kama shi a hankali kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma abin ba ya tsayawa wuri ɗaya: ƙwayar man da ta lalace ita ke lalata ta kusa da ita, wannan ma ta lalata ta gaba. A ƙarshe man ya farfashe ya ba da wannan wari da maƙaƙin da kuka sani. Zafi da hasken rana da ɓurɓushin ƙarfe suna hanzarta shi. Antioksidan shi ne duk sinadarin da zai shiga tsakani ya katse wannan yaɗuwa, shi ya lalace man ya tsira.

Jar fatar nan cike take da irinsu. Dangin folifenol ne, mafi yawansu ana kiransu furo'antosayanidin, 'yan gida ɗaya da waɗanda ke cikin ƙwallon inabi da koko. Su ne ke ba ta launin ja da baurin da ake ji a harshe. Fatar ba ta da nauyi, wajen kilo 3 ce a cikin kilo 100 na ɓararriyar gyaɗa, amma in aka auna nauyi da nauyi, ta ninka ƙwayar sau da yawa a waɗannan sinadarai. Tsiron ya tara su a nan ne domin su tsare irin daga iska da ƙwari har damina ta zagayo. Shi ma ɓawon waje mai tauri yana da nasa, sanannensu luteyolin.

Alhaji Salisu mai mai:
'Yata, ba na ja da karatunki, amma mu a kasuwa muke. In aka matsa da fatar, mai yakan yi duhu, mai saye ya ɗaga kwalba ya duba a rana ya ajiye ya wuce. Kuma na taɓa gwadawa, man da aka matsa da fata da wanda aka matsa babu fata, ban ga wanda ya fi wani daɗewa ba. To ina antioksidan ɗin ya tafi?

Zainab Issah:
Ya zauna a cikin tunkuza, Baba. Waɗannan sinadaran sun fi narkewa a ruwa da a mai, saboda haka kaɗan ne ke bin man ya fita. Shi ya sa maganarku da ta Mma Adiza duk daidai ne. Markaɗen miya da dakuwa da ƙuli-ƙuli su ne za su amfana, don fatar tana cakuɗe da su. Tataccen mai kuwa kariyarsa bitamin E ne da ke cikinsa tun asali, kuma shi ma yana ƙarewa in aka bar man a rana. Kamfanoni da yawa sukan ƙara wa nasu TBHQ ko BHT, waɗanda ake haɗawa a masana'anta. Dalilin da ya sa masu bincike ke bin fatar gyaɗa da ɓawon sauran iri masu mai ke nan, suna neman abin da zai maye gurbin waɗannan daga abin da ake zubarwa. Amma sai an jiƙa fatar a sinadari an tatso folifenol ɗin tukuna, ba zuba garin ake yi a jarka ba.

Alhaji Salisu mai mai:
To wannan na gane. Ashe jarkokin da yara ke jerawa a bakin titi tun safe har la'asar su ne babbar ɓarna.

Malam Bashiru, Sabon Zongo:
Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Kullum haka muke. Ƙwallon inabi da masu matsa a Faransa ke zubarwa, yau ana tatsarsa a sa a kwalba a kawo mana kantin magani mu saya da tsada. Zainab da bakinta ta ce 'yan gida ɗaya ne da na gyaɗa. To in yaron zango ya ga dama a cikin namu, me ya sa za mu fara da zarginsa? Gyaɗar nan daga Tamale da Wa da Bolga ake loda ta, matanmu ke soya ta, hayaƙi a idonsu, fatar kuma ta tafi bola. Hajiya, ki sayar masa. Mu daina raina namu.

Fuseini, ma'aikacin jinya:
Malam, kishinka na gari ne, amma yaron nan ba cewa ya yi zai sayar wa masu markaɗe don kayansu ya daɗe ba. Magani ya ce. A nan nake tsayawa.

Abin da sinadari ke yi a cikin kwalba daban, abin da yake yi a jikin mutum daban. An daɗe ana zaton duk abin da ya nuna ƙarfin antioksidan a ɗakin gwaji zai kare mutum daga daji, har aka gwada da gaske. A Finlan an bi maza masu shan taba sama da 29,000, aka ba wasu ƙwayar beta-karotin, wasu ba a ba su ba. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda suka sha sun fi kamuwa da dajin huhu da wajen kashi 18 cikin ɗari. Wani gwajin irinsa a Amurka sai da aka tsayar da shi kafin lokacinsa a 1996 saboda wannan dalilin. Beta-karotin ɗin nan shi ne ke sa manja ja, kuma a cikin miya alheri ne. Da aka ware shi aka ba da shi da yawa, ga abin da ya faru.

Ina ganin masu suga da suka ajiye ƙwayarsu saboda wani gari da aka ce musu ya fi. Sukan dawo da ƙafa ta ruɓe, ko ido ya tafi. Wanda ya yi saƙon muryar ba ya nan ranar da ake yanke ƙafar.

Malam Bashiru, Sabon Zongo:
Ai ban ce kowa ya bar asibiti ba. Kuma beta-karotin ba fatar gyaɗa ba ce, kai ma ka sani.

Fuseini, ma'aikacin jinya:
Ba ita ba ce. Na kawo shi ne don a ga cewa sunan antioksidan kaɗai ba shaida ba ne. Wanda ya ce garin fatar gyaɗa na warkar da suga, shi zai kawo inda aka gwada a kan masu suga suka warke.

Zainab Issah:
Bari in nuna muku yadda ake samun lambobin nan da ake yayatawa. Akwai wani ruwa da muke kira DPPH, launinsa shuni mai duhu. Sai a ɗiga masa ruwan da aka tatso daga fatar. Kana kallo shunin zai fara kodewa, ya koma ruwan ɗorawa. Gwargwadon saurin kodewar, gwargwadon ƙarfin da za a rubuta. Na fatar gyaɗa yana kodewa da sauri ƙwarai, wannan ba ƙarya ba ne. Amma kwalbar ba ta da hanji, ba ta da hanta. Manyan ƙwayoyin furo'antosayanidin ba sa ratsa hanji su shiga jini yadda suke, yawancinsu sukan wuce babban hanji, ƙwayoyin bakteriya da ke can su farfasa su. Ma'aikatar noma ta Amurka ta taɓa wallafa jerin abinci da makin antioksidan na kowanne, a 2012 ta janye shi, domin 'yan kasuwa suna amfani da shi wajen talla alhali makin bai nuna abin da zai faru a jikin mutum ba.

Malam, inda nake tare da kai shi ne dukiya ce muke zubarwa. Inda muka rabu shi ne a kan me za a sayar da ita.

Rabi mai kantu:
Yaya Zainab, riɗi fa? Ni wankewa nake in surfa har ɓawon ya fita, don kantu ya yi haske. Ko ni ma asara nake yi?

Zainab Issah:
Ba sosai ba ƙanwata. Riɗi ya sha bamban. Ɓawonsa na da folifenol, baƙin riɗi ya fi fari, amma babban ƙarfinsa yana cikin man kansa: sesamin da sesamolin. In aka soya, wani ɓangare na sesamolin ya koma sesamol, wanda ya fi ƙarfi. Shi ya sa man riɗi ke daɗewa bai juya ba duk da cewa shi ma yana da linoleik da yawa. Ɓawon yana da kalsiyam mai yawa, sai dai yana ɗaure da oksalat, jiki ba ya samunsa duka, ga ɗan ɗaci. Ki ci gaba da surfenki.

Baba Musah mai kiwo:
Ni makiyayi ne, ga abin da na sani. Fatar gyaɗa ina karɓa wurin mata in gauraya da dusa kaɗan-kaɗan, raguna suna ci. In na cika hannu sai su tura baki su bari, wanda ya daure ya ci kuma ba ya yin ƙiba yadda ya kamata. Angurya ma haka, babban sa yana ci lafiya, amma ba a ba kaji masu ƙwai da yawa, gwaiduwa takan ɓaci.

Zainab Issah:
Baba, abin da kuka lura da shi yana rubuce a littattafanmu. Baurin nan tanin ne, yana kama furotin ya hana jiki cin moriyarsa, shi ya sa ragon ba ya ƙiba. Angurya kuwa tana da gosifol. Shi ma folifenol ne, shi ma yana kode shunin nan a kwalba, amma guba ne ga kaji da 'yan maruƙa da mutum. A Sin an taɓa gwada shi a shekarun 1970 a matsayin maganin hana maza haihuwa. Saboda haka abu na iya zama antioksidan kuma ya zama cuta.

Akwai kuma maganar ƙarfe. Ɗaya daga hanyoyin da tanin ke kare mai ita ce ya kama ɓurɓushin ƙarfen da ke ciki, irin wanda faifan injin markaɗe ke saki in ya goge. A markaɗe wannan alheri ne. A cikin mutum kuwa haka zai kama ayon, wato sinadarin ƙarfen abinci da ke gina jini. Ɗan abin da ke jikin gyaɗar da aka ci da fatarta ba komai ba ne. Amma cokali-cokali na garin a koko kowace safiya, ga mai ciki ko yaron da jininsa bai cika ba, ba zan yarda ƙanwata ta sha ba.

Hajiya Ramatu, Aboabo:
Subhanallahi. Kuma masu ciki su ne suka fi tura saƙon nan.

Fuseini, ma'aikacin jinya:
Hajiya, akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Ki duba abin da ke taruwa a ƙasa bayan bakace. Ba fata kaɗai ba ce. Akwai ƙura, akwai gutsattsarin ƙwayoyin da suka motse, akwai waɗanda suka yi baƙi ko ƙwaro ya huda, don su ne marasa nauyi da ke bin iska. A irinsu ne funfuna ke zama, ita ce ke haifar da gubar aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 ta hanyar masara. Wanda ke cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, hanta take ci, kuma in yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a cikinmu, haɗarin dajin hanta yana ninkuwa sosai. Suya ba ta kashe ta duka. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Turai ba sa karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce maikurogiram 4 a kilo ɗaya, abin da ido ba zai taɓa gani ba.

Murje fatar ma yana da nasa amfanin a nan, domin sai an cire ta ake ganin ƙwayar da ta canza launi a tsince. To in aka share ƙasa aka niƙa aka ɗura a roba, an tara mafi munin buhun wuri ɗaya an ba mara lafiya.

Mma Adiza, Asawase:
To kai ɗana, yanzu ka sa ni cikin shakka. Mu bar fatar ko mu cire? Zainab ta ce tana tsare markaɗe, kai ka ce tana ɓoye ruɓaɓɓiya.

Fuseini, ma'aikacin jinya:
Mma, tsohuwarku gyaɗar gonarta ce, ta san ranar da aka cire, ta san inda aka shanya, da hannu ta ɓare ta tsince. Mu buhu muke saya wanda ya kwana a mota daga arewa, wataƙila ruwa ya taɓa shi a hanya.

Zainab Issah:
Ana iya haɗa biyun. A tsince ɗanyar tukuna, a fitar da motsattsu da hudaddu. A soya. A murje a kan tire mai tsabta, ba a ƙasa ba. A sake tsince farar ƙwayar. Sannan a tankaɗe fatar, a mayar da wani kaso cikin markaɗe. Ba ya kawar da haɗarin gaba ɗaya, amma yana rage shi ƙwarai. Wanda ke da manomi da yake saya a hannunsa kai tsaye, ya tambaye shi ko yana sa Aflasafe a gona. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi, akwai wanda aka yi domin Gana, funfuna ce marar guba da ke rigan mai gubar kama wuri.

Malam Bashiru, Sabon Zongo:
Na ji, kuma maganar funfuna ta shige ni. Amma har yanzu ina kan bakana cewa kada a kori yaron nan. A kira shi a zaunar da shi. In da gaske yake, ga jami'a a bayan gidanmu, ga cibiyar binciken amfanin gona a Fumesua, ga ta binciken abinci a Accra. Ya kai samfur a auna masa gubar. Ya bi ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, kamar kowa. Ya cire kalmar magani daga bakinsa, ya sayar wa masu dakuwa da masu markaɗe. In muka ce masa a'a kawai, gobe zai je wurin wasu matan da ba su da mai gaya musu, ya kwashe sharar ƙasa.

Fuseini, ma'aikacin jinya:
Wannan ba ni da ja a kai, sai dai ina shakkar zai yarda. Kuɗin yana cikin kalmar maganin ne.

Malam Bashiru, Sabon Zongo:
Ba ka san shi ba, ni ma ban san shi ba. A gwada shi.

Alhaji Salisu mai mai:
Ku bar yaron tukuna. Ni ina so in gani da idona ko maganar tsohuwar Mma Adiza za ta tsaya a zafin Kumasi. Zan ba da gyaɗa daga buhu ɗaya. A raba uku: ɗaya fari tas, ɗaya a mayar masa da rabin fata, ɗaya da fatar duka. Inji ɗaya, rana ɗaya. A ajiye a shagona a kanta ɗaya, duk Juma'a bayan masallaci a buɗe a ɗanɗana. 'Yata, haka ya yi?

Zainab Issah:
Ya yi Baba, da gyara biyu. Kowane kashi a raba shi a ƙananan kwalabe da yawa, a cika su har baki, kowace Juma'a a buɗe sabuwa, don kwalbar da ake buɗewa kullum iska ce za ta lalata ta ba rashin fata ba. Sannan masu ɗanɗanon su rufe ido, saboda launi zai tona wanne ne wanne, kuma mutum yakan ji abin da ya sa rai zai ji. Zan tambayi malaminmu ko za a bar ni in auna feroksayid ɗin man a ɗakin gwaji, shi ne ke nuna lalacewa tun kafin hanci ya ji.

Mma Adiza, Asawase:
Mai fatar duka zai yi bauri, na gaya muku tun yanzu. Masu miyar gyaɗa da fufu ba za su saya ba. Rabin nan shi ne daidai.

Rabi mai kantu:
Ina da kwalaben mayonis wankakku masu murfi, za su kai ashirin. In aiko wurin wa?

Alhaji Salisu mai mai:
Ki aiko shago. Ki shanya su a rana su bushe ƙayau tukuna, ɗigon ruwa ɗaya zai ɓata aikin. Hajiya Ramatu, suyar a wurinki za a yi, ranar Litinin in Allah ya kai mu.

Hajiya Ramatu, Aboabo:
Allah ya kai mu. A turo gyaɗar tun Lahadi da yamma, don tsintar da Zainab ta faɗa za ta ci lokaci, kuma yarana biyu sun tafi biki Techiman sai Talata.